Gonar da Lissafina Ya Ƙi Ɗauka

Shekaruna na farko a aikin gwamnati a Parakou na yi su, a wani ɗaki ƙwaya ɗaya bayan tashar jirgin ƙasa, unguwar da kowa ke ce wa Gar. Lokacin sunan ƙasar Dahome ne, Turawa ba su daɗe da miƙa mulki ba, mu da muka ɗan taɓa boko aka rarraba mu ofisoshi, kowa da teburinsa. Ni ofishin aikin gona aka jefa ni, sashen da ke lissafin abin da noma ke ci wa manomi. Ɗakina ba komai a ciki sai gadon ƙarfe da buta da akwatin littattafai. In jirgi ya iso daga Cotonou bangon har rawa yake yi, daga nan manyan motoci su kwashe kayan su yi arewa, unguwar ta yi tsit, a bar ni da ƙarar agogona.

A ofis mu biyar ne, huɗu 'yan kudu. Ba mugayen mutane ba ne, amma hirarsu ta garuruwansu ce, in sun gaji da Faransanci su koma harshensu, ni kuma in duƙufa kan takarda kamar mai aikin gaske. Alhaji suke ce mini, alhali ko Kano ban taɓa zuwa ba balle Makka. Da rana su tafi shan abin da suke sha, ni in tafi masallaci, in biya wajen wani mai tsire a bakin tasha. Ba kullum yunwa ke kai ni wajensa ba. Shi kaɗai ne wanda nake yin Hausa da shi a duk yinin, ita ma ba ta wuce gaisuwa da tambayar ko a sa yaji.

Gida kuwa, Djougou, can ma ban tsira ba. Mu zuriyar fataken goro ne. Kakana madugu ne da ya sha kai ayari Gwanja, mahaifina kuma yana da rumfa a kasuwa. Duk ranar da na je hutu sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kakanka jakuna yake korawa har Gwanja, kai an ba ka igiya kana auna gonakin mutane. To, Allah ya sa albarka." Ba cikin faɗa yake faɗi ba, da ma faɗan ne da ya fi mini sauƙi. A Parakou ni baƙauyen arewa ne, a Djougou kuma ɗan boko mai matsattsen wando. Abin ya sa mini wani irin taurin kai. Na ƙudurta sai na yi aikin da za a ɗaga a ofis a tambayi wanda ya yi shi.

A shekarata ta biyu aka ce za a raba wa wasu manoma shanun huɗa da garma. Kafin rabon sai an yi bincike a ƙauyukan Djougou, a san abin da buhun dawa ɗaya ke ci kafin ya shiga rumbu, kuma daga cikin gonakin da aka bincika za a zaɓi waɗanda za a fara ba. Da yake ni ɗan can ne, ni aka tura. Aka ba ni mashin, da igiyar awo, da tarin takardu masu gidaje huɗu: iri, takin zamani, 'yan ƙwadago, sai abin da aka girba. Na fara da Bariénou, inda na sha wuya, don mutane suna hango ni da takarda suke ɗauka haraji ne ya sake zuwa da sabuwar riga. Wani sai da na bi shi gona sau uku kafin ya yarda gonar tasa ce.

A Pélébina mashin ɗin ya mutu mini a bakin wata gona. Na yi ta buga shi ya ƙi tashi, rana ta dake ni, sai na zage shi da Hausa, zagi mai kyau. Sai na ji an ce daga cikin dawa, "Kai, samari, ƙarfe ba ya jin zagi, turawa ake yi."

Wani dattijo ne ya fito, gajere, da fartanya a kafaɗa. Ɗan ƙabilar Yom ne, mutanen garin, amma Hausarsa irin ta tsofaffin gidanmu ce, wadda na daina ji tun rasuwar kakata. Ya tambaye ni ɗan wane gida ne. Da na faɗa masa sai ya ajiye fartanyar ya kama hannuna da hannu biyu. Ashe yana saurayi ya kori jakuna a ayarin kakana, a tafiye-tafiyen ƙarshe kafin motoci su kashe sana'ar. Daga ranar bai taɓa kirana da komai ba sai jikan madugu, ni kuma ina ce masa Baba.

Mun zauna gindin wata kaɗanya na fito da takardata.

"Baba, takin zamani nawa ka saya bana?"

"Ban saya ba."

"Ko mudu ɗaya?"

Ya nuna mini can ƙarshen gonar, inda ƙasa ta yi baƙi. Ya ce duk rani akwai Bafulatanin da ke sauka nan da garkensa, shanu su ci kara, su sha a rijiyarsa, su bar masa abin da suka bari. Shi Baba ya ba shi damin dawa, matar Bafulatanin ta kawo nono. Tun zamanin iyayensu haka ake yi, kuma ba a taɓa zama an yi ciniki ba.

"'Yan ƙwadago fa?"

"Gayya. Su zo mini, matata ta kirɓa sakwara, gobe in je musu."

Iri ma nasa ne na bara. Na dubi takardar, gidaje uku a jere fayau, na huɗu kuma cike da buhunan da suka fi na maƙwabtansa. Cikin wasa na ce, "Baba, ko in sa maka tamma ɗaya a gidan taki, kada wurin ya zauna haka?" Tamma ita ce faran ɗaya a kuɗin ƙasarmu, ko goro ba za ta saya maka ba.

Fuskarsa ta canja. Ya ɗora yatsa a kan takardar, duk da bai iya karatu ba, ya ce, "Kar ka kuskura, jikan madugu. In ka rubuta na sayi taki, ka ce takin mutumin nan bai ishe ni ba ke nan. Rubuta babu."

Na rubuta sifili uku, manya-manya, na nuna masa.

Kwana tara na yi a Pélébina, kuma kusan kullum a gidansa nake cin abincin rana. A nan ya gaya mini abin da ke damunsa. 'Ya'yansa maza biyu sun tafi kudu aikin tashar jiragen ruwa, ba alamar za su dawo. Gayya kuwa ramawa ake yi, kuma da baya ake rama ta, shi ko bayansa ya fara ƙi. Bara ya je gayyar mutum biyu ya kasa kaiwa azahar, ba wanda ya ce masa komai, shirun ne ya fi yi masa ciwo. In ya sami shanun nan, in ji shi, zai yi wa maƙwabta huɗa da su, ya ci gaba da kiran gayya ba tare da jin kunya ba. In bai samu ba, shekara biyu ko uku zai daina kira, gonar ta koma 'yar ta bayan gida.

"Sunana zai shiga?" ya tambaye ni ranar da zan tafi.

Na bugi ƙirji na ce, "Baba, in dai ni ke riƙe da alƙalamin nan, ka shiga ka gama."

Na koma Parakou da jaka cike da takardu. Shugaban sashenmu, wanda muke ce wa shef, mutum ne mai sanyin magana da ya yi karatu a ƙasar waje. Ya ce in haɗa lissafin da kaina, in zaɓi siffar da nake ganin ta dace, in kawo masa. Karo na farko ke nan da aka bar mini zaɓi a ofishin nan, kaina ya yi girma har na ji ƙofar ta yi mini kaɗan.

Ga yadda aikin yake. Kowace gona ɗigo ɗaya ce a kan takarda mai ƙananan gidaje, ta kwance yawan abin da ta bayar, ta tsaye abin da ta ci. Ɗigogin a warwatse suke kamar an watsa wa kaji tsaba. Aikina in nemo layi guda da zai ratsa tsakaninsu ya ba da labarinsu duka. Amma kafin ka ja layin sai ka yanke shawarar irin siffar da za ka ba shi, kuma ɗigogin ba za su zaɓa maka ba. Akwai miƙaƙƙen layi, mai cewa kowane buhu tsadarsa ɗaya, ko na farko ne ko na hamsin, wannan ko mahaifina da bai shiga aji ba ya san ba haka abin yake ba. Akwai mai lanƙwasa kamar gindin ƙwarya, wanda ke cewa tsadar buhu tana sauka yayin da gona ke girma, har ta kai inda za ta fara hawa saboda gonar ta fi ƙarfin mai ita. Sai na uku, wanda ake yayi a littattafan lokacin. A cikinsa ba a tara taki da ƙwadago da iri, ninka su ake yi da juna, kuma kafin a fara sai an juya kowace lamba ta hanyar wani littafi mai kauri, littafin logaritim.

Mako biyu na yi ina juya injin lissafin ofis, irin mai mariƙi, mai ƙara kamar keken ɗinki. Har ranar Lahadi nakan karɓi makulli wajen mai gadi in zauna ni kaɗai, don dama ba inda zan je. Layin ƙwarya ya ɗauki kowace gona, amma bai yi kyan gani ba, ɗigogi sun fita nan sun fita can, aikin ya yi kama da na ɗan makaranta. Da na gwada na uku kuwa sai na ga ɗigogin sun fara jeruwa kamar sahu. Daga ciki kana iya cewa in taki ya yi tsada da kaza, buhun dawa zai tashi da kaza. Wallahi na so abin nan. Na daɗe ina kallon takardar ina murmushi ni kaɗai.

Sai na iso takardar Baba. Na buɗe littafin logaritim ina neman sifili, na tuna ba shi da shafi. Ba mantuwa masu littafin suka yi ba, lissafin ne haka, babu ba ta da gurbi a cikinsa. Duk gonar da ba ta sayi taki ba, ko ba ta ɗauki ɗan ƙwadago ba, ba ta da ƙofar shiga. Na ware irin waɗannan takardun gefe, suka yi ɗan tudu, ta Baba a sama da sifilinta uku.

Wani abokin aikina, wanda ya girme mu duka, teburinsa a bakin taga, ya leƙo ya gane halin da nake ciki. Ya ce mini da Faransanci, "Alhaji, sa musu faran ɗaya ɗaya mana. Kowa haka yake yi, lissafin ba zai ji ba."

Na ce ba zan rubuta abin da ba a yi ba. Na faɗa da ƙarfi ma, har sauran suka ɗago kai. Yatsan Baba a kan takardar nake tunawa, kuma na ji kaina wani babban mai gaskiya. Ya ɗaga kafaɗa ya koma wurinsa.

Abin da na ƙi dubawa shi ne akwai wata hanya a buɗe, in koma ga layin ƙwarya wanda ke ɗaukar kowa ba tare da an yi wa kowa ƙarya ba. Na san da ita sarai. Na kau da kai ne saboda ba ita za a ɗaga a ofis ba. Na ƙi yi wa dattijon nan ƙaryar tamma ɗaya, amma na yarda na cire shi ɗungurungum, na rubuta a ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe cewa an bar wasu gonaki saboda ba su dace da tsarin lissafin ba. Na ce wa kaina in lokacin rabon shanu ya zo zan yi magana.

Shef ya duba aikin, ya juya shafi, ya sake juyawa, ya ce, "C'est propre." Wato aiki ya yi tsaf. Ya zagaya da shi teburi teburi. Ranar har 'yan kudu suka ja ni cin abinci tare da su, na sha lemo suna shan nasu. Wannan ita ce ranar da na fi jin daɗi a duk zamana na Parakou, kuma ba na son tuna ta.

Lokacin maganar da na ce zan yi bai taɓa zuwa ba. An tura ni wani aiki wajen Bariénou, kafin in dawo magatakarda ya fitar da sunayen masu samun shanu, kuma daga jerin gonakin da ke bayan rahotona ya kwafo su. Wanda ba ya cikin jerin ba ya cikin duniya. Na shiga wajen shef na yi masa bayani. Ya saurare ni da kyau, ya ce takardar ta riga ta tafi babban birni an sa hannu, amma baɗi za a sake bincike, sai in sa mutumina a gaba. Baɗi ta zo gwamnati ta sake canjawa, kamar yadda ta saba a shekarun nan, aka mayar da shef kudu, maganar bincike ta bi ruwa.

Wata Lahadi na karɓi makulli na sake lissafin da layin ƙwarya, da kowace gona a ciki. Ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda zai karanta. Ɗigon Baba ya faɗo ƙasa da na kowa, wato duk cikin waɗanda na bincika ba wanda ke fitar da buhun dawa da arha kamarsa. Na naɗe takardar na sa a akwatin littattafaina. Daga baya, da na koma koyarwa, abin da nake fara gaya wa ɗalibai ke nan: kafin ka zaɓi siffar layi, ka fara duba su wa za ta jefar. Suna rubutawa, ban san ko suna ji ba.

Hanyar Parakou zuwa Djougou ba ta bi ta Pélébina, na kuma yi ta gode wa Allah da hakan. Shekara guda da rabi ina zuwa gida ina komawa ban leƙa ba. Kunya ce kawai, ba wani abu ba. Sai wata rana na iso gida Inna ta nuna mini doya guda shida a kusurwar ɗaki. Ta ce wani tsoho ne ya kawo ranar kasuwa, ya yi ta tambaya har aka nuna masa gidan madugu, ya ce a gaya wa jikan yana nemansa, yana da abin da zai nuna masa.

"Mutum ya ɗauko doya tun daga can da wannan bayan nasa, kai kana da mashin," in ji Inna. "Gobe ka je."

Na je. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya, ya rame, kuma sai da ya dafa bango ya miƙe. Ban gama gaisuwa ba ya kama hannuna ya ja ni cikin wani ɗan ɗaki inda yake ajiye iri. A kan wasu duwatsu uku, an rufe da tsohuwar tabarma, ga buhun takin zamani, ko ɗinkin bakinsa ba a kwance ba.

"Malamin gona ya gaya mini," in ji shi. "Ya ce waɗanda suka sayi wannan abin su ne suka shiga takardarku. Laifina ne, jikan madugu. Ka ce za ka sa mini tamma na hana ka. To ga shi, awaki biyu na sayar na saya, ba tamma ba, buhu guda."

Na taɓa buhun. Damina ta ratsa shi ya daskare kamar dutse. Na tambaye shi me ya sa bai zuba a gona ba.

"In na zuba me zan nuna maka? Kuma ban so Bafulatanina ya gani. Shi ya sa na rufe."

Na so in ce masa ba laifinsa ba ne, ni ne na zaɓi layin da ya fi kyau a ido, kuma ba sauran bincike, ba sauran shanu, ofishin ma ba shi da shef. Duk wannan yana bakina. Amma yana tsaye yana kallona yadda ya kalle ni ranar farko da na faɗi sunan gidanmu, sai na kasa.

"Goge babun nan," ya ce. "Rubuta yanzu."

Ba ni da takardar ofis ko ɗaya. Na laluba aljihu na fito da ɗan littafin da nake rubuta man mashin, na buɗe shafin baya na rubuta: taki, buhu ɗaya. Ya ce in karanta masa ya ji. Na karanta. Ya gyaɗa kai, ya mayar da tabarmar ya rufe buhun da kyau, har yana cusa gefenta.

Matarsa ta kawo sakwara, na ci abin da zan iya. Da zan tafi ya rako ni yana tafe yana dafe da ƙugu. Maimakon mu yi bakin hanya sai ya ratsa da ni ta bayan gida, gindin wani mangwaro. A nan na ga turke biyu a kafe, na itacen ƙirya, an share wurin tas, har da ɗan kwami na ruwa da aka fafe.

"Tun da ka tafi na kafa su," in ji shi. "In za a kawo shanun, ka ce musu kada su ba ni masu dogon ƙaho, ƙofar nan ƙarama ce."

Na ce masa to.